Walda ba ta mantuwa: abubuwan ban mamaki a taƙaice

Duk mai walda a kasuwar Shuwak, inda ake gyaran garmar tarakta gab da damina, ya san wannan: ka haɗa ƙarfe a miƙe sambal, yana hucewa sai ya karkace. Walda tsukewa take yi idan ta huce, ƙarfen gefe mai sanyi kuma ya hana ta. In abin bai samu damar lanƙwasa ba, ja-in-jar sai ta kwanta a ciki, shekara da shekaru, ko ba a ɗora masa komai ba.

A Janairun 1943 jirgin dakon mai na Amurka, Schenectady, ya karye biyu yana ɗaure a tashar Portland, ruwa kwance, ba guguwa. Sabo fil ne, kuma da walda aka haɗa shi.

Ƙarfen da ba ya tsatsa ma bai tsira ba. In ruwan zafi ya tarar da wannan ɓoyayyen ja kusa da walda, tsaga kan fara daga cikin bututu, tana cin jikinsa a hankali, waje kuwa sumul.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na Faransa. A ƙarshen 2021 aka gano irin wannan tsaga a tashar nukiliya ta Civaux, a bututun da aka tanada don kai ruwan sanyaya ranar da haɗari ya auku. Aka bi tashoshi ana tsayar da su, ana yanka bututu ana dubawa. A 2022 Faransa ta sayo wutar lantarki fiye da wadda ta sayar, abin da rabonta da shi tun 1980. Sai ga tashar nukiliya ta Penly a 2023: kaurin bututu milimita 27, zurfin tsaga 23. Saura huɗu kacal! Kuma sau biyu aka yi wa waldar da ke wurin tsagar gyara tun ana gina tashar.

Injin Penly guda ya ninka megawat 320 na madatsar Atbara da Setit, da ke kusa da Shuwak, sau huɗu.

Maganin ɓoyayyen jan ma abin mamaki ne: duka. Bubbuga walda da guduma na sassauta jan da ke samanta. A Japan wannan aikin ake yi a cikin tukunyar nukiliya, amma da hasken leza ko feshin ruwa mai ƙarfi, a ƙarƙashin ruwa, da na'ura, domin mutum ba ya iya kusantar wurin.