Hannun da Ke Ɗaure Ƙusar Jirgin Sama: Wa Ke Kula da Lafiyarsa?

Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin saman Jidda ɗauke da alhazan Najeriya zuwa Sakkwato. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, wanda aka yi hayarsa domin jigilar alhazai a ƙarƙashin Nigeria Airways. Tun yana gudu a kan titin tashi tayoyinsa biyu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama, kuma da matuƙa suka naɗe tayoyin sai wutar ta shige cikin jirgin. Sun juyo domin sauka, amma ba su kai titi ba. Mutane 261 da ke ciki duk sun rasu. Bincike ya nuna cewa kanikawan jirgin sun san iskar wasu tayoyin ta yi ƙasa kwanaki kafin hatsarin, an kuma sauya alƙaluman da ke rubuce a takardar bincike. A safiyar ranar babban bakanike ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a same ta nan take ba, wani jami'in kamfanin da ke tsoron jinkiri kuwa ya ce a tafi haka.

Wannan labari ya isa ya sa mu sake tunani a kan mutanen da fasinja ba ya gani. Muna yaba matuƙi idan ya sauka lafiya, muna zargin sa idan an yi hatsari, alhali rayuwar kowa da ke cikin jirgi ta riga ta ratsa ta hannun wani bakanike da ya kwana a rumfar gyara. Ra'ayina shi ne lafiyar wannan ma'aikaci da lafiyar fasinja abu ɗaya ne. Kamfanin da ya bar bakanikensa cikin gajiya, ko guba, ko tsoron faɗin gaskiya, ya sa ran fasinjansa cikin hatsari tun kafin ya sayar masa da tikiti.

A fara da jikin ma'aikacin, domin aikin na da haɗarin da jama'a ba su sani ba. Wutsiyar babban jirgi irin Boeing 747 ta kai tsayin mita 19, wato kamar bene mai hawa shida, kuma can ake hawa a duba ta, wani lokaci a kan ƙarfe mai santsin mai. Dole ke nan a samu matakala mai shinge da igiyar ɗamara da ake ɗaura wa mutum. Man da ke motsa fukafukai da burki yana gudana a bututu da matsi mai tsanani, har idan bututu ya huje siririn feshinsa na iya huda fata. Irin wanda aka fi amfani da shi a jiragen fasinja, Skydrol, yana ƙona ido da fata. Akwai kuma hatsarin na'urar da ta motsa ba zato: wani yana cikin ramin taya, wani ya taɓa maɓalli a ɗakin matuƙi. Maganin wannan shi ne a kulle maɓallin, a rataya masa alamar gargaɗi, kuma ba mai cire ta sai wanda ya sa ta. Ita kanta tayar abin tsoro ce. A watan Agusta na 2024 ma'aikata biyu sun mutu a wurin gyaran kamfanin Delta da ke Atlanta a Amurka, lokacin da taya ta fashe ana kwance ta. A watan Janairu na 2006, a filin jirgin El Paso na jihar Texas, injin Boeing 737 ya zuƙe wani bakanike da ke duba yoyon mai yayin da ake gwada injin.

Waɗannan su ne masu kashewa nan take, kuma su ake ji a labarai. Masu kashewa sannu a hankali sun fi wuyar magani, domin ba wanda ke ganin ranar da suka fara. Ƙarar injin jirgi tana cinye jin mutum kaɗan-kaɗan, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Fentin farko da ake shafa wa jikin jirgi don hana tsatsa sau da yawa yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kuromiyam da aka tabbatar yana jawo kansar huhu ga mai shaƙar ƙurarsa. Tankin mai kuwa yana cikin fukafuki ne, kuma idan yana yoyo sai mutum ya shiga ta ƙaramar kafa, ya yi rarrafe cikin duhu da tururin mai. Ƙasar Ostareliya ta koyi darasin wannan da tsada. Tun daga shekarun 1970 har zuwa 2000, ma'aikatan sansanin sojan sama na Amberley sun riƙa shiga tankunan jiragen yaƙi F-111 suna kankare tsohon danko da sinadarai masu ƙarfi. Da yawansu sun koka da ciwon kai, da mantuwa, da cututtukan fata da na numfashi, ba a saurare su ba. Kwamitin binciken da ya zauna a 2001 ya gano cewa kayan kariya ba su wadatar ba, kuma an fifita tashin jirage a kan lafiyar mutane. Daga baya gwamnati ta biya diyya, bayan lafiyar da yawa daga cikinsu ta riga ta lalace. Darasin a fili yake: kafin mutum ya shiga tanki sai an zuƙe mai, an hura iska, an auna tururin da na'ura, an ba shi abin numfashi, an kuma tsayar da wani a bakin kafar wanda ba shi da wani aiki sai lura da shi.

To, ina alaƙar wannan da fasinja? Alaƙar ta fi bayyana a maganar gajiya. Jirgi da rana yake neman kuɗi, saboda haka yawancin gyara da dare ake yin sa, a lokacin da jikin ɗan Adam ya fi neman barci. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa daidai da na wanda ya sha giyar da dokar ƙasashe da yawa ke hana shi tuƙa mota. A ranar 10 ga Yuni, 1990, wani jirgin British Airways ya tashi daga Birmingham zuwa Malaga, sai gilashin gaba ya fizge a sararin sama, iska ta janye kyaftin Tim Lancaster har rabin jikinsa ya fita waje. Ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauka a Southampton, kuma Allah ya yi da sauran kwanansa. Daga cikin ƙusoshi 90 da suka riƙe gilashin, 84 sun yi siranta, shida sun yi gajarta. Wanda ya ɗaura su ƙwararre ne mai shekaru a bakin aiki. Ya yi aikin ne da tsakar dare, hannu ya yi ƙaranci, ya zaɓi ƙusoshin da ido a wurin da haske bai isa ba, bai sa tabaraunsa ba, kuma matakalar da ya tsaya a kai ba ta ba shi damar ganin aikin sosai ba. Haske, matakala, barci, yawan ma'aikata: duk waɗannan batutuwan jin daɗin ma'aikaci ne, kuma su ne suka kusa kashe mutanen da ke cikin jirgin nan.

Shekara guda bayan haka, a watan Satumba na 1991, wani ƙaramin jirgin Continental Express ya tarwatse a sama a jihar Texas, mutane 14 suka mutu. Masu aikin yamma sun kwance ƙusoshi 47 daga wutsiyarsa, ba su sanar da masu aikin dare yadda ya kamata ba, aka sallami jirgin ba a mayar da su ba. Irin waɗannan hatsarori ne suka sa Gordon Dupont na hukumar sufuri ta Kanada ya tattara abubuwa 12 da ke jefa bakanike cikin kuskure a 1993, ciki har da gajiya, da matsin lamba, da ƙarancin kayan aiki, da rashin iya tsayawa a kan gaskiya a gaban na sama. Har yau ana koyar da su a makarantun gyaran jirgi.

Wani zai ce ai duk wannan sakacin mutum ɗaya ne, a hukunta shi kowa ya shiga taitayinsa. Wanda ya sauya alƙaluma da gangan lallai ya cancanci hukunci, ba na jayayya. Amma idan kowane kuskure kora ce sakamakonsa, bakaniken da ya tuna a gida cewa ya bar sifana a cikin inji zai yi shiru ne, ya yi ta addu'a. Kamfanin da ke so ya ji labarin kuskure kafin ya zama gawa dole ya bambanta ganganci da kuskuren da yanayin aiki ya haifar, ya kuma gode wa wanda ya kawo rahoto. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma korar mutum ɗaya ba ta liƙe tsagar. Wanda zai gaje shi zai tarar da duhun nan, da gaggawar nan, da ƙarancin hannun nan.

Wani kuma zai kawo maganar kuɗi, musamman a Najeriya, inda kamfanonin jirage ke sayen kayan gyara da dala suna karɓar kuɗin tikiti da naira. Wannan uzuri yana da nauyi, kuma ƙarin ma'aikata don rage aikin dare ba abu ne mai arha ba. Sai dai yawancin abin da ake magana a kai, irin su abin toshe kunne, da takunkumin numfashi, da fitila mai kyau, da minti goma na miƙa aiki baki da baki tare da rubutu, kuɗinsu bai kai na jinkirin jirgi guda ba, balle na asararsa. Nationair ta guje wa jinkirin 'yan sa'o'i a Jidda, shekara biyu bayan hatsarin ta rufe harkokinta. Masu cewa komai ƙaddara ce kuwa, gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa, amma malamanmu sun daɗe suna bayyana cewa riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, kuma wanda aka ba amanar rayuka za a tambaye shi yadda ya riƙe ta.

Abin da ya fi damuna shi ne giɓin da ke cikin dokoki. An ƙayyade wa matuƙi sa'o'in aiki da na hutu filla-filla, amma ba a yi wa bakanike irin wannan gata ba. Ko a Amurka, abin da dokar kamfanonin fasinja ta tanadar masa shi ne hutun awa 24 a cikin kwana bakwai, ko kwatankwacinsa a cikin wata. Najeriya tana da tubalin da za ta yi gini a kai: Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya tana horar da injiniyoyin gyara tun bayan kafa ta a 1964, hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke ba su lasisi, akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Ya kamata hukumar ta riƙa duba jadawalin aikin kanikawa da sakamakon gwajin kunnensu da huhunsu da irin tsananin da take duba takardun jirgi, ta kuma tabbatar cewa injiniyan da ya ƙi sa hannu a sallami jirgi ba zai rasa aikinsa ba. Fasinja ma yana da nasa rabon. Idan aka sanar da jinkiri saboda ana gyara, a yi haƙuri a zauna, kada a tasa ma'aikata gaba da hayaniya, domin matsin da aka yi a zauren jira yana isa kunnen wanda ke riƙe da sifana a ƙarƙashin fukafuki.