Murar da ta ƙi tafiya: a ƙirga kwanaki kafin a sayi kafso

Ƴan uwa mata, hunturu ya kama. A taron asusunmu na makon jiya, mace biyu suka nemi bashi don sayen maganin mura wajen mai tire. Shi ya sa na ce bari mu tattauna.

Cikin ƙashin goshi da na kumatu akwai ƴan koguna masu iska da ke buɗewa cikin hanci. In mura, ƙura ko hayaƙin murhu suka kumbura hanyar, sai majina ta taru ciki. Fuska ta yi nauyi, haƙoran sama su yi zogi, in kin duƙa shara ko sujada ciwon ya ƙaru.

Yawancinsa yana warkewa da kansa cikin kwana 10, kuma kafson nan ba ya taɓa ƙwayar mura. Asarar kuɗi ce kawai. Ki tafasa ruwa kofi guda, ki sa gishiri rabin ƙaramin cokali, ya huce, ki shaƙa kamar a alwala ki fyace. Ɗanyen ruwan rijiya kam a'a. Ki ɗora tsumma mai ɗumi a fuska, ki sha farasitamol, ki rufe hanci da mayafi lokacin shara.

Amma in ya wuce kwana 10, ko ya yi sauƙi ya dawo da zazzaɓi, sai likita. In kuwa ido ya kumbura, gani ya rikice ko wuya ya sanƙare, musamman ga yaro, kada a kwana gida. Nan ne bashin asusu ke da amfani.