Shirin Musamman: Dukiyar da ke Cikin Totuwa



Idan kaka ta yi aka gama sussukar masara, ina totuwa take zuwa? Wata murhu, wata bola. To, a ƙasar Sin manyan motoci ake cikawa da ita a kai masana'anta, domin ana sarrafa ta a samu wani sinadari mai suna furfural. Sunan daga Latin ya fito, kuma asalinsa kalmar da ke nufin dusa.

Labarin ya faro ne a Amurka, a garin Cedar Rapids na jihar Iowa. Kamfanin Quaker Oats yana sarrafa wani hatsi dangin alkama, ƙaiƙayi ya taru masa tsibi-tsibi ya rasa yadda zai yi da shi. A 1922 ya fara tatsar furfural daga wannan ƙaiƙayi yana sayarwa.

Yaya ake yi? A niƙa totuwa, a jiƙa ta da ruwan asid marar ƙarfi, a zuba cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a hura mata tururi mai tsananin zafi. Sukarin da ke ɗaure cikin totuwar sai ya warware ya rikiɗa, ya biyo tururin ya fito. In ya huce a tace, sai ga wani ruwa mai kama da mai. Da shi ake haɗa ƙaron da ke kama yashi ya zama mazubin narkakken ƙarfe, da shi kuma ake tace man giris da na injuna. Yau Sin ce kan gaba wajen samar da shi, Afirka ta Kudu kuwa daga tuƙar rake take fitar da nata, a masana'antar Sezela.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Iyayenmu mata sun daɗe suna ƙona kara, su tarfa ruwan toka, su dafa sabulun salo. Sai dai harkar masana'anta tana da nata sharaɗi: sai an tara kimanin tan 10 na totuwa kafin a sami tan ɗaya na furfural. Ashe aikin ba daga injin yake farawa ba, daga masussuka ne, da wanda zai bi ƙauye-ƙauye yana auna totuwa yana biyan manomi.

Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. A huta lafiya.