Wuƙar Shiga Daji: Baƙin Ƙarfe Ko Mai Ƙyalli?

Maharbin da ya ka da gada a tsakar daji, rana tana shirin faɗuwa, ba abin da zai ɓata masa rai kamar wuƙar da ta dakushe tun bai raba fata da nama ba. Shi ya sa mutanen daji ba su cika yarda da wuƙa mai naɗewa ba, sun fi son miƙaƙƙiya mai kube, wadda ba ta da gaɓar da za ta saki. Amma ko a cikin miƙaƙƙun akwai bambanci, asalinsa kuwa daga ƙarfen ne.

Abu uku ake nema wurin ƙarfen wuƙa, watau riƙe kaifi, da jure duka ba tare da tsagewa ba, da ƙin tsatsa. Da wuya a sami wanda ya haɗa su duka.

Wuƙar Ka-Bar, wadda sojojin kundunbalar ruwa na Amurka suka fara riƙewa a 1942, tsawon ruwanta inci 7 ne, an kuwa ƙera ta da baƙin ƙarfen da ake kira 1095. Lambar nan tana nufin sinadarin kabon da ke cikinsa ya kusa kashi 1 cikin 100, shi ne kuma ke ba shi tauri. Yana ɗaukar kaifi sosai, kuma dutsen wasa na gida ya ishe shi. Aibinsa tsatsa. In aka mai da shi kube da jini ko danshi, kwana ɗaya ya isa ya fara ja, balle da damina.

Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa, a Sheffield ta Ingila Harry Brearley ya gano shi a 1913. Sirrinsa sinadarin kuromiyam, wanda dole ya kai kashi 10.5 cikin 100. Maƙeran garin Mora na ƙasar Suwidin suna yin wuƙa iri ɗaya da ƙarfe biyu, mai saye ya zaɓa: baƙin ƙarfe, ko marar tsatsa mai lamba 12C27. Masunci da mai aiki cikin jiƙa, na biyun ya fi musu. Sai dai wuƙar Mora siririya ce, ta fiɗa da sassaƙa, ba ta saran itace ba. Akwai kuma ƙarafan zamani masu tsada da ke daɗewa ba su dakushe ba, amma ranar da suka dakushe, dutsen bakin rafi ba ya cin su.

Wajen sara, sai a dubi kukri, lanƙwasasshiyar wuƙar Gurkawan Nepal. Maƙeran can da tsohon sifirin na mota suke ƙera ta, kamar dai yadda maƙeranmu ke yi wa adda da wuƙar mahauta. Ƙarfen sifirin an yi shi ne don ya lanƙwasa ya komo, saboda haka yana shan duka bai karye ba.

To, amma sunan ƙarfe kaɗai ba ya yanka. Bayan an ƙera wuƙa sai an gasa ta ta yi ja, a tsoma ta a mai ko ruwa, sa'an nan a sake ɗumama ta kaɗan don a rage mata gautsi. In aka tsallake ɗumamawar, bakin zai riƙa ɓantarewa da ya gamu da ƙashi. In kuwa aka zarce, sai ya yi laushi ya riƙa kwantawa. Wannan aiki ba ya ganuwa a ido ranar ciniki, shi ya sa tsofaffin mahauta kan goga magagari a bakin wuƙa kafin su biya: in ya ci ƙarfen nan da nan, sai su ajiye ta su ɗauki wata.