Yadda Ƙwayoyin Jijiya Ke Jin Motsin Maƙwabtansu

A darasin bayoloji an koya mana cewa saƙo na tashi daga wata ƙwayar jijiya zuwa wata ta mahaɗar da ake kira sinaps. A wurin ne ƙwaya ta farko ke fesa wani sinadari, ta biyun ta karɓa. Haka ne, amma akwai wata hanyar da ba ta buƙatar mahaɗa ko sinadari, kusanci kawai ya wadatar.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙwayar jijiya tana zaune ne cikin ruwa mai gishiri, wanda lantarki ke iya ratsawa. Idan tana hutawa, ƙarfin lantarkin cikinta ya gaza na waje da kimanin milibolt 70. Da zarar saƙo ya zo, sai sodiyum ya kwarara ciki, fotasiyum ya fita waje. Wannan kai-komon yana sauya ƙarfin lantarkin ruwan da ke kewaye da ita. To, idan akwai wata ƙwayar manne da ita, ruwa ɗaya suke sha, don haka sauyin zai shafe ta, ko ya zaburar da ita ko ya danne ta. Kamar azuzuwa biyu ne masu siririn bango, ba ƙofa a tsakani amma ana jin karatun juna.

A shekarar 1940, Bernard Katz da Otto Schmitt suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi kan haka da jijiyar ƙaguwa. Sun ga saƙon da ke bin wani zaren jijiya yana sauya saurin amsawar zaren da ke gefensa. A 1942, Angelique Arvanitaki, masaniya a Faransa, ta raɗa wa irin wannan haɗuwar suna efaps, daga kalmar Girkanci mai nufin taɓawa.

Wasu halittun suna cin moriyar abin. A 2012, masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka yi nazarin ƙwayoyin jin wari na ƙudan 'ya'yan itace, waɗanda ke zama tare cikin 'yan ƙananan gasu a kan ƙahonninsa. Idan ɗaya ta kama aiki, sai ta rage ƙarfin maƙwabciyarta, alhali babu sinaps tsakaninsu.

A jikin ɗan Adam kuwa, yawancin manyan jijiyoyi suna naɗe da wani rufi mai kitse da ake kira mayelin, kamar robar da ke jikin wayar wuta. Yana ƙara wa saƙo sauri, yana kuma rage shigar saƙon wani zaren cikin wani. Akwai wani ciwon fuska mai tsanani da kan faru idan jijiyar jini ta danne jijiyar fuska har rufin ya lalace. Mai ciwon kan ji kamar wuta ta ja shi saboda goge haƙori ko kaɗawar iska kawai. Ɗaya daga cikin bayanan likitoci shi ne, saƙon taɓawa ne ke tsallakawa zuwa zaren da ke ɗaukar zafi.

Haka kuma a 1982, masana suka toshe aikin sinaps a yankakken naman ƙwaƙwalwar ɓera, amma ƙwayoyin suka ci gaba da harba saƙo a lokaci guda, irin yadda ake gani a farfaɗiya.

Saboda haka, ɗan uwa ɗalibi, abin da malamin fiziks ya koya maka game da lantarki, riƙe shi da kyau idan ka shiga darasin bayoloji, domin a jijiyarka ma yana aiki.