Yadda ƙwaƙwalwar mota take tuna abubuwa

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Yamai, Maraɗi da Damagaram suna ɗauke da wani ɗan akwati wanda bai wuce girman littafin karatu ba. Yana ɓoye kusa da inji, ko kuwa a gaban mazaunin direba. Makanikai suna kiran shi ƙwaƙwalwar mota. Ƙaramar kwamfuta ce mai kula da aikin inji.

A motocin dā babu wannan akwati. A shekarar 1979 kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ya fito da kwamfuta guda mai kula da mai da kuma wutar inji, aka sa ta cikin wata motar BMW. Daga nan abin ya bazu a duniya.

Aikin ƙwaƙwalwa

Inji yana ƙona mai da iska ne domin ya sami ƙarfi. Idan man ya yi yawa, mota ta yi baƙin hayaƙi, kuɗi kuma su tafi a banza. Idan ya yi kaɗan, inji ya rasa ƙarfi. Ga injin fetur, giram 1 na mai yana bukatar iska wajen giram 14,7. Ƙwaƙwalwa ce take yin wannan awo. Akwai ƴan na'urori a jikin inji masu aiko mata da labarin zafi, da yawan iska, da saurin juyawar inji. Ita kuma sai ta ƙayyade man da za a fesa, da lokacin da buji zai yi tartsatsi.

Daga ina take samun wuta?

Abincin ƙwaƙwalwa wutar lantarki ne, kuma daga batir take samun ta. Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6. Kowane ɗaki yana ba da wajen bolt 2, jimilla bolt 12 ke nan. Idan inji ya tashi, sai ya riƙa juya wani ɗan janareto da ake kira altaneta. Shi kuma yana ba da wajen bolt 14, ya ciyar da mota, ya kuma mayar wa batir abin da ya kashe.

Bolt 12 ya yi wa ƙananan kayan cikin ƙwaƙwalwa yawa. Saboda haka akwai wani sashe a cikinta mai rage wutar zuwa bolt 5 ko ƙasa da haka.

Hanyoyi biyu ne wuta take bi ta shiga ƙwaƙwalwa. Hanya ta farko tana jiran makulli. Da direba ya murɗa shi, wuta ta shiga, ƙwaƙwalwa ta farka. Da ya kashe mota, hanyar ta rufe. Hanya ta biyu kuwa ba ruwanta da makulli. Waya ce da ta taso daga batir, ta bi ta cikin fis, ta isa ƙwaƙwalwa. Dare da rana tana kawo ƴar wuta kaɗan. Bayan wuta ta gama aiki, sai ta bi ƙarfen jikin mota ta koma batir.

Wannan ƴar wuta ta yi kama da garwashin da uwargida take rufewa da toka da dare. Ba ya dafa tuwo, amma da safe ba sai ta je ɗibar wuta a maƙwabta ba.

Ma'aji iri uku

Ƙwaƙwalwa tana adana abubuwa a wurare iri uku.

Na farko kamar littafi ne da aka buga. A cikinsa masu ƙera mota suka rubuta dokokin aikin inji. Ko mota ta shekara babu batir, rubutun yana nan.

Na biyu kamar allon aji ne da ake rubutu da alli. A nan ƙwaƙwalwa take rubuta abin da ta koya da kanta. Yayin da inji yake tsufa, ko ƙurar hunturu ta taru a hanyar iska, tana ɗan gyara awon mai, ta riƙe sabon awon. Wannan rubutu yana zama ne muddin ƴar wutar nan ba ta yanke ba. Da an cire kan batir, an goge allo ke nan.

Na uku kamar littafin rubutu ne da fensir. Ana iya gogewa a sake rubutawa, amma rashin wuta ba ya shafe shi. Motocin baya-bayan nan suna ajiye abubuwa da yawa a nan, kamar shaidar makullin mota da lambobin matsala.

Lambar matsala ita ce alamar da ƙwaƙwalwa take rubutawa idan ta ga wani abu ya lalace. Sai ta kunna ƴar fitila a gaban direba. Makaniki yana haɗa na'urarsa da wata mahaɗa mai ramuka 16, ya karanta lambar. An wajabta wannan mahaɗa ga sababbin motoci a Amurka tun 1996, a Turai kuma ga masu fetur tun 2001.

Idan wuta ta yanke

Bayan an canza batir, wata mota takan yi ɗan rawa, ko ta riƙa mutuwa idan an tsaya. Sau da yawa ba lalacewa ta yi ba, mantuwa ta yi. Bayan ƴan tafiye-tafiye za ta sake koyon awonta. Motar da aka ajiye makonni da yawa kuwa, batirinta yakan sauka, domin ƙwaƙwalwa da agogo da rediyo suna shan wuta kaɗan-kaɗan.

Mantuwa tana da sauƙi, ƙonewa ce babbar hasara. Wasu sukan cire kan batir inji yana aiki, wai don su gwada altaneta. Yin haka yana iya sa wuta ta yi tsalle ta ƙone ƙwaƙwalwa. Haka kuma idan aka juya wayoyin batir, aka sa ta ƙari (+) a wurin ta ragi (-). Ƙwaƙwalwa tana da tsada, kuma idan ta ƙone mota ba ta tashi. Shi ya sa makanikin kirki yake kashe inji kafin ya taɓa batir, ya fara cire wayar ragi, ya kuma duba alamomi kafin ya mayar. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ɗakuna nawa ne a batirin ƙaramar mota? Bolt nawa suke bayarwa gaba ɗaya?
2. Mene ne bambancin hanyoyi biyu da wuta take bi ta shiga ƙwaƙwalwa?
3. Wane ma'aji ne yake gogewa idan an cire kan batir?
4. Don me ba a cire kan batir inji yana aiki?