Kiwon zomo a Kwangila: Yadda ake haɗa baƙon zomo da na gida ba tare da an zubar da jini ba

A gidaje da yawa na Kwangila da ke Zariya, kiwon zomo yakan fara ne da guda ɗaya. Yaro ya tara 'yan kuɗinsa ya sayo, a buga masa keji a bayan ɗaki, ana ba shi harawa da dusa da ganyen dankali. Rigima takan taso ne ranar da aka ce a kawo masa abokin zama.

Abin da akasari ake yi shi ne a buɗe keji a jefa baƙon ciki. Kafin gari ya waye sai a tarar da gashi a warwatse, kunne a yage, wani lokacin ma ɗaya ya mutu.

Zomo dabba ce mai son zama da 'yan'uwanta, amma tana da tsananin kishin wurinta. Yana goga haɓarsa a jikin kwanon abinci da katakon keji don ya bar warinsa, kuma duk zomon da ya shigo wurin abokin gaba ne. Zomanya ta fi namiji zafi a kan wannan. Shi ya sa masu kiwo suke kai mace kejin namiji idan ana son barbara, ba a kai namiji wurinta.

Kafin ma a zo batun faɗa, akwai na cuta. Ya kamata a killace baƙon zomo nesa da na gida na aƙalla mako biyu, a duba kunnuwa da hanci da ƙafafu ko akwai ƙazuwa, a lura da zawo ko majina. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a shekarar 2020 an tabbatar da ɓullar cutar nan mai sa zomaye zubar jini a Najeriya, cutar da aka fara ganowa a China a 1984, wadda ke iya share keji cikin 'yan kwanaki.

Bayan killacewa, sai a jera kejin biyu kusa da juna, a bar ɗan tazara yadda haƙori ba zai kai ba. Su riƙa ganin juna, ana musanya musu shimfiɗa har kowa ya saba da warin ɗan'uwansa.

Haɗuwar farko a yi ta a wurin da babu wanda ya taɓa zama cikinsu, kamar zaure ko wani lungu na tsakar gida, na 'yan mintoci kawai, mutum na tsaye. Da sassafe ya fi, musamman a watan Maris da Afrilu, don zomo ba ya jure zafi. A zuba harawa wuri biyu. Ɗan guje-guje da hawan juna ba abin tsoro ba ne, shugabanci suke tantancewa. Amma idan suka cure suna juyi suna cizo, a raba su nan take da faifai ko buhu mai kauri. Kada a sa hannu tsirara, cizon zomo ba wasa ba ne.

Alamar an dace ita ce a ga ɗaya yana lasar kan ɗayan, ko sun miƙe a gefen juna. Wasu kwana kaɗan ya ishe su, wasu sai an yi makonni.

Maza biyu da suka balaga kuwa, da wuya su zauna lafiya idan ba a fiɗiye su ba. Namiji da mace sun fi jituwa, sai dai zomanya na haihuwa bayan kimanin kwana 31, kuma tana iya ɗaukar wani cikin da zarar ta haihu. Wanda ba ya son gida ya cika, ya nemi likita ya yi fiɗiya, sannan ya jira kamar mako shida, don namijin na iya ba da ciki a tsakanin.

Mutanen Kwangila ba su da nisa da masana. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI kuma tana Shika. Zomon da ya ji rauni, ko ya wuni bai ci komai ba bayan an haɗa su, a kai shi ga likitan dabbobi a ranar.